Zuwaira ta kamu da son Latin da Girkanci: ina za a samo kuɗin karatun?

Gwaggo Asabe, Nima

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Shawara na zo nema, ku yi haƙuri da tsawon magana. Zuwaira 'yar ƙanena ce, a hannuna ta tashi tun tana shekara 4 bayan rasuwar mahaifiyarta. Da ta gama sakandare ta nemi karatun lauya a jami'ar Ghana da ke Legon, makinta bai kai ba, sai aka ba ta falsafa da ilimin mutanen Girka da Rum na dā. Muka ce ta je ta fara, in hali ya yi daga baya ta sauya. To, yarinya ta je ta kamu. Yanzu za ta shiga shekara ta uku, ba abin da ke bakinta sai Latin da Girkanci. Idan ta zo hutu, cikin dare sai in ji tana ta maimaita kalmomi kamar mai haddar sarfu.

Mahaifinta direban babbar mota ne. Ya ce ta ajiye wannan ta koma makarantar koyon jinya, can akwai alawus, kuma an san aikin da za ta yi in ta gama. Ni atamfa nake sayarwa a kasuwar Nima, kuɗin ɗaki da na makaranta sun fara fin ƙarfin rumfata. Ita kuwa ta ce ta ga tallafi da kyaututtuka barkatai a intanet na masu karanta waɗannan harsuna. Shin da gaske ne? 'Yar Zango za ta iya samu? In dai kuɗi ya fito, na san ubanta zai sassauta.

Alhaji Sani Mai Goro, Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya saka miki da alheri kan riƙon marainiya. Amma ni a bayan mahaifinta nake. Shekarata 40 ina fatauci, daga Kejetia har Kano, ban taɓa haɗuwa da wanda ya yi mini ciniki da Latin ba. An ce ma babu ƙasar da jama'arta ke tashi da shi a baki, kuma Girkancin da take koya ba shi ake yi a titin Atina yau ba. Yaranmu nawa ne suka gama jami'a suna zaune a majalisar ataya? Mu da muke neman likita da injiniya da akawu a Zango, shi ne za mu sa 'ya mace ta ƙare ƙuruciyarta a kan harshen matattu? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Nuhu, ɗan Mamobi, yana karatu a Amurka

Gwaggo ina wuni. Baba Alhaji, a gafarce ni, zan fara da amsa tambayar Gwaggo, domin hanyar da Zuwaira ke kai ita na bi. A Cape Coast na yi digirin farko a wannan fanni, yanzu ina digiri na uku kan tarihin Arewacin Afirka a zamanin mulkin Rum.

Abin da ta gani a intanet gaskiya ne, amma yawancinsa ƙofa ce da ke kulle daga ciki. Kyautar Gaisford, wadda aka kafa a Oksfod a 1855 don rubutu da Girkanci, ta ɗaliban Oksfod ce. Kyautar Porson ta Kambirij, inda ake mayar da waƙa zuwa baitocin Girkanci, ta ɗaliban Kambirij ce. Gasar fassara ta ƙungiyar Eta Sigma Phi ta ɗaliban kwalejojin Amurka ce da ke da reshen ƙungiyar. Akwai kuma tallafi mai sunan Frank Snowden, baƙar fatan Amurka da ya koyar a jami'ar Howard, ya yi bincike kan baƙaƙen fata a duniyar Girka da Rum. Duk wanda ya ji sunan sai ya ce ai namu ne, amma na masu digirin farko ne a Arewacin Amurka. Na ɓata watanni ina cika fom irin waɗannan kafin in koyi fara karanta sharaɗin cancanta.

Akwai wata makaranta a Frascati kusa da birnin Rum, Vivarium Novum, inda ake kwana ana tashi da Latin a baki. Tana ɗaukar matasa daga ƙasashe daban-daban shekara guda, ci da kwana da karatu duk kyauta. Sai dai wannan shiri na shekara an san shi na samari ne maza. Kwas ɗinsu na bazara ne mata ke shiga.

Inda ƙofa take a buɗe sosai ga ɗan Ghana shi ne bayan digirin farko. Tallafin karatu na Gates Cambridge na ɗaukar ɗalibi daga kowace ƙasa in ba Birtaniya ba, a kowane fanni. A Oksfod akwai Clarendon, akwai Ertegun wanda aka ware wa masu adabi da tarihi da falsafa da harsuna, akwai kuma Rhodes mai gurbin Afirka ta Yamma. A nan Amurka, manyan jami'o'i idan sun ɗauke ka digiri na uku su ke biyan kuɗin makaranta, su ba ka na abinci da haya, galibi shekara 5, kai kuma ka taya su koyarwa. Wasu suna da shirin share fage na shekara guda ga wanda harshensa bai nuna ba. Tallafin Commonwealth kuwa ya fi karkata ga fannonin raya ƙasa, Chevening kuma sai kana da shekara 2 ta aiki. Gasar tana da zafi ƙwarai, domin da ɗaliban duniya baki ɗaya ake karawa.

Gwaggo Asabe, Nima

Ɗana Nuhu, Allah Ya yi albarka. Wato in na fahimce ka, tuwon yana can gaba, mu kuma yau muke jin yunwa. Shekara biyun da suka rage fa? Mai ɗakin kwana ba zai jira ta tafi Ingila ba.

Lauya Hadiza, Madina

Gwaggo, wannan ɓangaren nawa ne. Kuskuren da muke yi shi ne neman tallafi mai rubuce da Latin a goshinsa. Kuɗin da zai riƙe ta yanzu ba ruwansa da abin da take karantawa, ruwansa da makinta da halin gidanku.

A Legon akwai ofishin taimakon ɗalibai marasa ƙarfi, ta je da ƙafarta ta duba allon sanarwarsu tun farkon zango. Akwai asusun lamunin ɗalibai, wanda tun 2022 ba a neman mai tsaya maka, katin Ghana ɗinka ya isa. Bashi ne, za ta biya in ta fara aiki, amma yana rage nauyi. Akwai sakatariyar tallafin karatu ta gwamnati mai karɓar takardu ta gundumomi, akwai asusun tallafa wa ilimi na GETFund, akwai Asusun Raya Zango da aka yi wa doka a 2017, kuma 'yan majalisa kan taimaka wa ɗaliban mazaɓarsu daga kasonsu na asusun gundumomi. Babu wanda zan ce tabbas ne. Ni da kaina na yi zarya sau 5 a wani ofishi ina shekara ta biyu, kullum a ce in dawo mako mai zuwa, har aka rufe ban samu ba. Na yi kuka a cikin mota ranar. A shekara ta uku na samu a wani wurin. Don haka ta nema a wuri huɗu ko biyar lokaci guda. Marainiya ce, takardar shaidar rasuwar mahaifiyarta ta kasance a cikin fayil, tana da nauyi a wajen masu tantancewa.

Baba Alhaji, ni ma abin da aka ba ni ke nan, falsafa da ilimin Girka da Rum. Na gama, na yi hidimar ƙasa, na koma na yi digirin shari'a, na wuce makarantar lauyoyi ta Makola. Kalmomi irin su habeas corpus da nolle prosequi da kuke ji a rediyo duk Latin ne. Amma ba su ne ribar ba, don waɗannan kowa na iya haddacewa cikin mako guda. Ribar ita ce an koya mini zama da jimla ɗaya awa guda, in warware ta gaɓa-gaɓa har in gane abin da ta ce da abin da ba ta ce ba. Da wannan nake cin abinci a kotu yau.

Sista Fati, Asawase, Kumasi

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina son aikina, kuma ba na son a mayar da shi juji na wanda aka hana abin da yake so. Wadda ta shigo da ƙyashi a zuciya, marasa lafiya ne ke shan wahalarta. Ban da haka, a gaya wa mahaifinta cewa ba daga gamawa sai aiki ba. Ƙannenmu da yawa sun gama suna zaune a gida suna jiran a tura su. Kuma shekara biyun da ta riga ta yi a Legon, da kuɗin da Gwaggo ta zuba, duk a watsar? In da tun farko ne, da sai a tattauna. Yanzu an riga an kai tsakiyar kogi.

Ustaz Kabiru, Fadama

Salamu alaikum. Kowa na maganar kuɗi, ni damuwata daban ce. Littattafan nan cike suke da labaran gumaka, wannan ubangijin teku, wancan na yaƙi, wannan ya auri wancan. 'Yar Musulmi ta shekara huɗu tana cusa wannan a ƙwaƙwalwarta, sannan a ce a nemo mata hanyar fita Turai ita kaɗai ba muharrami. Mene ne zai rage na tarbiyyar da Hajiya ta yi mata? Ba don in ɓata wa kowa rai na faɗa ba, amana ce a wuyanmu.

Malam Bashiru, Sabon Zango

Ustaz, damuwarka a kan hanya take, kuma maganar tafiya magana ce ta iyayenta idan lokacin ya zo. Amma batun karatun kansa, bari mu duba zaurukanmu tukuna.

Mu da muka yi karatun lugga, ba mun karanta waƙoƙin Jahiliyya ba? Imru'ul Ƙaisi ba Musulmi ba ne, abin da ke cikin baitocinsa ma wani ba ya faɗuwa a gaban yara. Malamanmu sun karantar da su don harshe, ba su ce mu yi koyi da halinsa ba. Mantiƙin da muke karantawa a Sullam na Al-Akhdari, asalinsa daga Aristo ne, mutumin Yunan, wato Girka. Littafin da ake kira Isaguji, sunan kansa kalmar Yunananci ce mai nufin gabatarwa. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi kan wannan, Suyuɗi na hana mantiƙi, Magili na kare shi. Ka ga saɓanin tsoho ne, kuma manya ne a kowane ɓangare.

A Bagadaza, Hunainu bin Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, shi da almajiransa suka mayar da littattafan likitancin Jalinus zuwa Larabci. Ibnu Sina ya gina a kai. Daga baya a Andalus wani mutum, Gerard na Cremona, ya mayar da Ƙanun na Ibnu Sina zuwa Latin, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna koyar da likitoci da shi. Akwai rubuce-rubucen Ibnu Rushdi da asalin Larabcinsu ya ɓace, sai a fassarar Latin ko Ibrananci ake samunsu. Wa zai karanto mana su in babu namu da ya iya?

Ko a bakinmu suna nan. Alƙalami ya zo mana ta Larabci daga kalamos na Yunananci. Takarda ta biyo Sahara ta bakin Buzaye daga charta na Latin. Dinari daga denarius ne, dirhami daga drachma. Kuma sura ta 30 a Alƙur'ani sunanta Rum. Ba baƙi ba ne a tarihinmu, maƙwabta ne da muka daɗe muna ciniki da yaƙi da musayar littattafai da su. Sharaɗina ɗaya ne, kada ta saki Larabcinta. In ta riƙe shi, to ta fi 'ya'yan Turawan da za ta kara da su da abu guda babba.

Ustaz Kabiru, Fadama

Allah Ya gafarta Malam, na karɓi batun mantiƙi da likitanci. Na tatsuniyoyin gumaka har yanzu raina bai kwanta ba. In za ta ci gaba, to ta riƙa zuwa gabanka ko gaban wata malama duk hutu, a san abin da ke shiga kanta. Maganar tafiya waje kuma ina nan a kan bakana.

Ticha Garba, Alabar, Kumasi

Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi ritaya. A zamaninmu Latin darasi ne a sakandare, na zauna jarrabawarsa. Ku dubi bajon makarantunmu. Achimota: Ut Omnes Unum Sint, domin duka su zama ɗaya. Opoku Ware a nan Kumasi: Deus Lux Scientiae, Allah ne hasken ilimi. Legon kanta: Integri Procedamus, mu ci gaba da gaskiya da riƙon amana. Yara na sanye da su a ƙirji, kaɗan ne za su iya fassara maka.

Alhaji Sani abokina, ka ce harshen matattu. Bari in ba ka labarin mutanen ƙasar nan. Anton Wilhelm Amo, daga yankin Axim aka ɗauke shi yana yaro zuwa Jamus. A 1734 ya kare kundin digirinsa na falsafa a Wittenberg, da Latin ya rubuta shi, ya koyar a Halle da Jena, daga baya ya dawo gida. Tun kafin nan, a 1729, ya yi muhawara kan haƙƙin baƙar fata a Turai. Sai Jacobus Capitein, wanda a 1742 a Leiden ta ƙasar Holan ya rubuta da Latin cewa bauta ba ta saɓa wa addinin Kirista ba, aka turo shi Elmina ya zama limamin coci a gidan da ake tara bayi. Mutum biyu daga gaɓar teku ɗaya, harshe ɗaya, ɗaya na kare mu, ɗaya na ba masu sayar da mu hujja. Wannan tarihinmu ne, kuma da Latin yake kwance.

Ɗakin karatu na Balme da Zuwaira ke shiga kullum, sunan shugaban farko ne na kwalejin da aka buɗe a 1948 wadda ta zama jami'ar Legon, masanin Aristo ne. Ɗan Ghana na farko da ya shugabanci jami'ar, Farfesa Alexander Kwapong, daga 1966, Latin da Girkanci ya karanta a Kambirij, daga baya ya zama mataimakin shugaban jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a Tokyo. Farfesa Ofosu-Appiah kuma ya mayar da waƙar Homer ta tafiyar Odisiyus zuwa Twi. Tonawa sun samu nasu. Ni burina kafin in mutu in riƙe irin wannan da Hausa, wanda ɗanmu ya ɗauko kai tsaye daga asalin harshen, ba ta hannun Turanci ba. Mu jikokin Alhaji Umaru na Kete Krachi ne, wanda ya cika ƙasar nan da waƙa da Larabci da Hausa. Ba mu gaji ƙyamar harshe ba.

Alhaji Sani Mai Goro, Aboabo, Kumasi

Ticha, na ji, kuma wallahi ban san labarin Amo ba sai yau. Amma ka lissafa mutum huɗu cikin shekara kusan 300. A zamanin Kwapong duk wanda ya fito jami'a aiki na jiransa a bakin ƙofa. Yau fa? Jami'o'i nawa ne ma ke koyar da abin nan a Ghana? Nuhu ya ce Cape Coast, ga Legon. Kujerun malamai nawa ne a ciki? In yarinyar nan ba ta ci gasar Turai ba, me za ta yi? Wannan nake so a amsa mini, ba tarihi ba.

Zuwaira

Assalamu alaikum. Gwaggo ce ta ce in shigo in yi magana da bakina. Ina gaida iyayena duka.

Baba Alhaji, tambayarka ita ce ke hana ni barci, ba zan ɓoye ba. Amsar da nake da ita ita ce digirin nan digiri ne kamar na mai tarihi ko siyasa. In ban samu hanyar ci gaba ba, zan bi sawun Anti Hadiza zuwa shari'a, ko in koyar, ko in nemi aikin gwamnati kamar kowa. Wanda ya karanta siyasa ma ba kujera ke jiransa ba.

Amma ina so ku san abin da ya riƙe ni. Ranar farko da malami ya rubuta baƙaƙen Girkanci a allo, alfa, beta, gamma, delta, sai na ji abajada a kunnena: alif, ba, jim, dal. Na tambaya, ya ce tushensu ɗaya, daga Finiƙiyawa. Da aka zo bayanin yadda ƙarshen suna ke sauyawa gwargwadon aikinsa a jimla, 'yan ajinmu suka rikice, don Turanci ba ya haka. Ni kuwa na ga ai rafa'u da nasabu da jarru ne da na sha bulala a kansu a makarantar Malam. Larabci na da uku, Girkanci biyar, Latin shida. Girkanci har musanna gare shi, siga ta musamman ta abu biyu. Waƙarsu kuma da doguwar gaɓa da gajera ake auna ta, kamar aruli, kamar rubutacciyar waƙar Hausa. Tun da na shiga boko ake nuna mini cewa karatun allo nauyi ne da na ɗauko daga Zango. A wannan aji ne kaɗai ya zama shi ne ƙarfina. Ni ce ke koya wa waɗanda suka fito manyan makarantu.

Yawancin darussanmu a fassarar Turanci ake karanta su. Masu ɗaukar harshen kansa ba mu da yawa, shi ya sa malamai suka san mu ɗaya bayan ɗaya. Ustaz, na yarda da sharaɗinka, zan riƙa zuwa wajen Malam. Labaran gumakan nan ban taɓa jin sun taɓa imanina ba, abin da na gani a ciki mutane ne masu tsoron mutuwa da neman ma'ana ba tare da wahayi ba.

Nuhu, ɗan Mamobi, yana karatu a Amurka

Ƙanwata, abin da kika faɗa yanzu shi ne takardar neman gurbinki, ki adana shi. Masu tantancewa sun gaji da karanta "ina son tarihi tun ina yaro". Ɗaliba mai Larabci da Girkanci da Latin, wadda za ta iya bin littafi ɗaya daga Atina zuwa Bagadaza zuwa Andalus, irinta ba ta da yawa ko a nan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ɗauki kowane darasin harshe da sashenku ke bayarwa, domin abin da za su fara dubawa a takardar sakamakonki ke nan. Ki buɗe littafi ki riƙa rubuta duk abin da kika karanta a asalin harshen, marubuci da adadin shafi, za a tambaye ki. Ki nemi daraja ta ɗaya, ko ta biyu babba mai ƙarfi. Malamai uku za su rubuta miki wasiƙar shaida, su san ki tun yanzu, ba mako biyu kafin rufewa ba. Kundin shekarar ƙarshe shi ne samfurin rubutunki, ki zaɓi batu ƙarami ki haƙa shi da zurfi. Ki fara Faransanci ko Jamusanci, don a digiri na uku dole ne ki iya karanta bincike da su. Yawancin wuraren nan suna rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, Rhodes ma tun kafin haka. Kuɗin fom na da nauyi, amma jami'o'i da dama na yafewa in an roƙa da hujja. Littattafai kuwa, shafin Perseus na da matanin Girkanci da Latin kyauta har da ƙamus.

Gwaggo, ki kula da wannan: duk wanda ya ce a tura masa kuɗi ta waya zai samo mata sikolashif, ɓarawo ne.

Ticha Garba, Alabar, Kumasi

Tun ɗazu abu ɗaya ke yi mini yawo a kai. Kyaututtukan da Nuhu ya lissafa, mutane ne suka tara kuɗi don tunawa da wani malaminsu, shi ya sa suke ɗauke da sunayen mutane. Ba daga sama suka faɗo ba. Mu da ke tara kuɗin biki da na suna da na ashobi, me zai hana mu sa kyauta tamu? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Duk shekara a ba da sakin layi ɗaya na Latin ko Girkanci, ɗalibin Zango ya mayar da shi Hausa mai daɗi. Nuhu ya duba daidaiton ma'ana, ni da Malam Bashiru mu duba Hausar. Daga fanshona na sa sidi 300.

Malam Bashiru, Sabon Zango

Na goyi baya, amma a sa Larabci a ciki, don almajiranmu na zaure su ma su shiga. Kuma kada a yi ta don Zuwaira ita kaɗai, in ba haka ba sadaka ce aka sauya wa suna. Ta shiga ta kara da kowa.

Alhaji Sani Mai Goro, Aboabo, Kumasi

Ra'ayina bai sauya ba, da 'yata ce da lissafin kuɗi zan ce ta karanta. Amma yarinyar ta amsa mini da hankali, ba ta yi mini alkawarin abin da ba ta da shi ba. Kuma abin da ta faɗa kan karatun allo ya taɓa ni, don nawa 'ya'yan kunyar faɗa suke yi a boko cewa sun yi allo. Hajiya, kuɗin ɗakinta na zangon nan a kaina, ki sa a turo mini bayani ta akwatin sirri. Sharaɗina, ta koyi wani abin hannu a gefe, kwamfuta ko ɗinki, duk wanda ta zaɓa. Kyautar Ticha kuma na sa 500, in dai yaran Kumasi na ciki.

Lauya Hadiza, Madina

Zan rubuta ƙa'idojin kyautar a shafi ɗaya, da wanda zai riƙe kuɗi da mutum biyu masu sa hannu, don kada zumunci ya ɓaci a kan sidi. Zuwaira, ki same ni ranar Asabar da safe da katin Ghana, takardar sakamako da takardar shiga jami'a, mu cika na lamuni da na ofishin taimako tare.

Gwaggo Asabe, Nima

Alhaji, na rasa bakin godiya, Allah Ya jiƙan mahaifa, Ya ƙara buɗi. Ku duka Allah Ya biya ku. Saura babban aiki, don mahaifinta ba ya cikin zauren nan kuma bai san na kawo maganar ba. Yana hanyar Bawku, sai Alhamis zai sauka. Malam Bashiru, girmanka yake ji fiye da nawa. In ba damuwa, ka biyo ta gida bayan sallar Juma'a, Hadiza ma ta zo in ta samu sarari, ya ji daga bakin wadda ta bi hanyar. Zan dafa wake da shinkafa in jira ku.